Jinginar Gona Tsakanin Aminai a Ƙasar Hausa: Waiwaye Cikin Tarihi

Gabatarwa

Daga cikin hanyoyin da gona take bi ta fita daga hannun wani ta koma hannun wani a ƙasar Hausa akwai gado, da saye, da kyauta, da aro, da haya, da kuma jingina. Biyar na farko ba su da wuyar bayani. Jingina ita ce mai sarƙaƙiya, domin a cikinta gona tana barin hannun mai ita ba tare da ta bar mallakarsa ba, kuɗi kuma suna barin aljihun mai su ba tare da an sa ranar dawowarsu ba. Abin da wannan maƙala za ta yi ƙoƙarin nunawa shi ne, jinginar da aminai biyu suke ƙullawa tana ɗauke da wata ƙaiƙayi tun daga ranar da aka yi ta. Dalilin da ya sa mutum ya nufi amininsa shi ne neman rufin asiri, alhali kuwa abin da zai dawo masa da gonarsa, ko ya dawo da ita ga 'ya'yansa, shi ne sanin jama'a. Tarihin wannan al'ada, tun daga zamanin Daular Sakkwato har zuwa yau, tarihi ne na yadda littattafan malamai da dokokin gwamnati da canjin kuɗi suka riƙa taɓa wannan wuri mai rauni.

Kalmar da danginta

Asalin kalmar ba ɓoyayye ba ne. Mutum yakan jingina da bango, ko ya jingina sandarsa a jikin bishiya. Abin da aka jingina ba a yar da shi ba, ba a kuma bayar da shi ba. An dai ɗora nauyinsa a kan wani abu zuwa wani lokaci. Daga nan aka sami “ya jinginar da gonarsa”. Abin lura kuma shi ne kalmar da ake amfani da ita a ranar dawowa. Ba a cewa ya sayi gonarsa, cewa ake yi ya fanshe ta, watau kalmar da a da ake yi wa bawan da ya biya kuɗin kansa, ko wanda aka kama a yaƙi danginsa suka tara dukiya suka karɓo shi. Ke nan a tunanin Bahaushe gonar jingina kamar ɗa ce da yake tsare a gidan wani, komai daɗewarsa a can bai zama ɗan gidan ba.

Ya kamata a bambanta jingina da maƙwabtanta. Aro shi ne karɓar abin da za a mayar da shi kansa, kamar fartanya ko jaki ko ita kanta gonar. Rance shi ne karɓar abin da za a mayar da kwatankwacinsa, kuɗi ko hatsi, ba da ƙari ba. Bashi ya game duka, shi ya sa aka ce hanji ne, yana cikin kowa. Yawancin basussukan ƙauye kuwa ba a jingina komai a kansu. Masanin tattalin arziki Christopher Udry, wanda ya bi diddigin magidanta kusan 200 a ƙauyuka huɗu na kusa da Zariya a shekarun 1988 da 1989, ya tarar cewa kusan duk rancen da ake yi tsakanin dangi ne da maƙwabta, ba takarda, da wuya a ajiye wani abu a madadi, kuma abin da za a biya yakan sassauta in masifa ta sami mai cin bashin, ya ƙaru in mai bayarwa ne ta samu. Wannan ya nuna mana cewa ba a taɓa gona a kan ƙaramar bukata. Sai kuɗin sun yi nauyin da kunya kaɗai ba za ta iya riƙe su ba: aurar da 'ya, ko doguwar jinya, ko tara, ko jarin fatauci, ko shekarar da rumbu ya ƙare tun kafin a yi shuka.

Yadda ake ƙulla ta

Tsarin da aka saba da shi mai sauƙi ne. Mai gona ya karɓi kuɗi, waɗanda a bisa al'ada ba su kai farashin gonar ba. Mai kuɗi ya karɓi gona ya noma, amfanin nasa ne, kuma abin da ya girbe ba ya rage komai daga bashin. Ba a ƙara ko anini a kan uwar kuɗi. Ranar da mai gona ya kawo abin da ya karɓa, gona ta koma, sai dai ba a fansa da shuka a tsaye. A bari wanda ya yi wahala ya kwashe amfaninsa tukuna, shi ya sa da kaka ko da rani ake yin wannan magana. Mai riƙo ba ya sayarwa, ba ya gini. In ɗayansu ya rasu, magadansa suna tsayawa a matsayinsa.

Me ya sa amini? Ɗan'uwa yana iya kasancewa yana da ido a kan gonar ta fuskar gado, in ta shiga hannunsa da wuya a gane iyakar jingina da rabo. Attajirin gari kuwa ana tsoron kada ya haɗiye ta. Amini shi ne wanda ba zai tona asiri ba, ba zai zo ƙofar gida yana sallama da sassafe ba, kuma in an sami rabin kuɗin ana iya zama da shi a yi magana. Shi ma mai ba da kuɗin al'adar ta rufa masa nasa asirin, domin ba wanda zai kira shi mai cin kuɗin ruwa. Taimako ya yi, gona kuma ajiya aka ba shi.

A nan ne matsalar take. Gona ba riga ba ce da za a naɗe a sa a adaka. Duk wanda ya bi hanya ya ga wane ne yake huɗa a cikinta. Abin da ba a gani shi ne sharaɗin da ya shigar da shi. Wanda ya yi hankali yakan kira mai unguwa ko dagaci, da maƙwabtan iyaka, a faɗa a gabansu cewa jingina ce, kuɗi kaza. Amma tsakanin mutum biyu da suka tashi tare, suka yi kaciya tare, wani ya yi wa wani abokin ango, kiran shaidu yana kama da zargi. Sau da yawa akan bar maganar a zaure, daga su sai Allah.

Akwai kuma abin da gonar kanta take fuskanta. A karkarar Kano, inda ake noma gona ɗaya kowace shekara ba hutu, ƙarfin ƙasa ya dogara ne ga taki, har da wanda ake ɗaukowa daga birni a kan jakuna, kamar yadda Michael Mortimore ya bayyana a bincikensa na shekarun 1960. Mutumin da bai san ko baɗi gonar tana hannunsa ba, ba zai zuba mata takin da zai zuba wa tasa ba. In kuwa ya zuba, ya yi shekaru yana gyara ta, to ransa ya fara ɗarsa masa cewa yana da haƙƙi a cikinta. Ko ta wace fuska aka duba, daɗewa ba ta yi wa jingina kyau.

Abin da littattafai suka ce

Musulunci ya san jingina, sunanta rahanu a fiƙihu. An ambace ta a aya ta 283 ta Suratul Baƙara, dab da ayar da ta yi umarni da rubuta bashi da kafa shaidu, kuma ya tabbata a hadisi cewa Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata a gare shi, ya jinginar da sulkensa wurin wani Bayahude a kan sha'ir. Littattafan da alƙalan ƙasar Hausa suka tashi a kansu, watau Risala ta Ibn Abi Zaid, da Muhtasar na Halil, da Tuhfa ta Ibn Asim, duk sun yi mata babi. A mazhabar Malikiyya jingina ba ta cika sai mai bin bashi ya karɓi abin a hannunsa, kuma ana bukatar shaidun da suka ga karɓar. Har zuwa nan al'ada da littafi suna tafiya tare.

Inda suka rabu shi ne amfanin gona. A wurin malamai abin jingina tabbaci ne kawai, amfaninsa na mai shi ne: 'ya'yan dabinon da aka jinginar da kuɗin hayar gidan da aka jinginar duk na mai jinginarwa ne. Malikawa sun yi rangwame ɗaya, cewa mai riƙo yana iya sharɗanta cin amfani in bashin ya samo asali daga ciniki, aka faɗi sharaɗin tun wurin ƙulla cinikin, aka kuma yanke masa lokaci sananne. In kuwa bashin rance ne, babu wannan dama, domin rancen da ya jawo wa mai bayarwa amfani riba ne. To, jinginar manoma rance ce tsantsa, ba ta da wa'adi, kuma cin amfanin shi ne ginshiƙinta. Ta saɓa wa sharuɗɗan uku gaba ɗaya.

Wani abin sha'awa ga mai nazarin harshe shi ne, rubutun boko ya haɗe kalmomi biyu a siffa ɗaya: ribar da ɗan kasuwa yake samu, wadda ta fito daga kalmar Larabci ribhu, da ribar da shari'a ta haramta. A baki ana bambanta su da karin sauti da tsawon wasali. Manomin da yake riƙe da gonar amininsa zai ce ta farkon yake ci, tun da guminsa ya zuba. Malamin zaure zai ce ta biyun ce.

A ganina ba jahilci ne ya sa manoma suka bi tasu hanya ba. In an hana mai kuɗi noma gonar, kuma an hana shi ƙari, to ba abin da ya rage masa sai lada, kuma ba kullum ake samun mai neman lada da kuɗi masu nauyi ba. Al'ada ta zaɓi a bar shi ya noma, ta biya mai gona da wani abu mai tsada, watau rashin wa'adi. A wannan gaɓar kuwa ta dace da littafi, domin Imam Malik ya kawo a cikin Muwaɗɗa hanin a ƙulla cewa in ba a biya ba zuwa rana kaza abin jingina ya zama na mai bin bashi. Irin wannan sharaɗi ɓatacce ne. Abin da shari'a ta yarda da shi, in biya ya gagara, shi ne a sayar a gaban alƙali, a biya mai bashi, a mayar wa mai abu ragowar.

Kafin zuwan Turawa

Shehu Abdullahi ɗan Fodiyo, wanda ya rasu a 1829, ya rubuta littafi musamman a kan hukuncin ƙasa da hanyoyin mallakarta, mai suna Ta'alimur Radi, abin da yake nuna cewa tun farkon daular maganar ƙasa ta kai a zauna a rubuta. Amma inda daji yake da yawa, wanda ya rasa gona zai je wurin dagaci a nuna masa inda zai sare, ƙasa ba ta da darajar da za a ba da kuɗi a kanta. A irin waɗannan wurare abin jingina shi ne riga, ko takobi, ko doki, ko kayan adon mata, ko bawa. Jinginar gona 'yar cunkoso ce. Tana bunƙasa ne a inda mutane suka yi yawa, gonaki suka haɗa iyaka, kamar kewayen Kano da Katsina, da kuma fadamu inda ake noman rani.

Kuɗin wancan zamani wuri ne. Lokacin da Heinrich Barth ya zo Kano a 1851, wuri 2,500 ne suke daidai da riyal ɗaya na azurfa, kuma darajar wuri ta ci gaba da faɗuwa har ƙarshen ƙarnin saboda yawan shigo da shi ta bakin teku. Mai karatu ya riƙe wannan, domin za mu sake haɗuwa da shi: bashin da ba shi da wa'adi, aka ƙidaya shi da kuɗin da suke narkewa, kullum yana sauƙaƙa wa mai fansa.

Zamanin Turawa

A 1908 aka kafa kwamiti a Landan don duba sha'anin ƙasa a Nijeriya ta Arewa, bisa shawarar Percy Girouard wanda ya gaji Lugga, kuma Charles Temple yana cikin waɗanda ra'ayinsu ya yi tasiri. Matsayar da aka cim ma ita ce, ƙasa a nan ta al'umma ce, mutum amfani kawai yake da shi, saye da sayarwa ba al'adar mutanen ba ce. A kan wannan aka gina dokar 1910, wadda aka sabunta a 1916, ta sa dukkan ƙasar Arewa a ƙarƙashin ikon Gwamna. Binciken da aka yi daga baya bai goyi bayan wannan fahimta ba. Polly Hill, wadda ta zauna a Batagarawa kusa da Katsina a 1967, ta kuma yi aiki a karkarar Kano a farkon shekarun 1970, ta nuna cewa sayar da gona abu ne da manoma suka saba da shi, kuma galibi daga hannun matalauta take fita zuwa hannun masu hali. Steven Pierce kuma, a littafinsa na 2005 a kan manoman Kano da hukuma, ya nuna yadda abin da Turawa suka rubuta a matsayin dokar gargajiya ya yi nisa da abin da ake yi a gona.

Ga jingina, wannan yana da sakamako mai ban mamaki. In hukuma tana ƙyamar kalmar sayarwa, to kalmar jingina ta zama mafaka. Mutum biyu suna iya yin cinikin da dukansu sun san ba fansa a bayansa, su kira shi jingina. Wasu biyun kuma su yi jingina ta gaskiya. Daga waje ba a bambanta su. Bayan shekara talatin, 'ya'yansu ne za su tsaya gaban shari'a kowa da tasa fassarar.

A daidai wannan lokaci bukatar tsabar kuɗi ta ƙaru. Haraji ya koma ana biyansa da sulalla, jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, cinikin gyaɗa ya buɗe a shekarar da ta biyo, sa'an nan yunwar 1913 zuwa 1914 ta auko. Michael Watts, a littafinsa na 1983 a kan yunwa a Arewacin Nijeriya, ya bi matakan da magidanci yake bi in abinci ya yanke: ya fara da ƙwadago da sayar da ƙananan dabbobi, ya ci bashin hatsi, ya sayar da kayan gida, gona ita ce ta kusa da ƙarshe kafin ƙaura. Jingina ita ce matakin da yake tsakanin bashi da sayarwa, kuma sau da yawa gada ce kawai zuwa sayarwar. Mutumin da ya rabu da gonarsa mafi kyau ya rage abin da zai girbe, da me zai tara kuɗin fansa? Sai ya koma wurin aminin nasa ya ce a ƙara masa wani abu a kan na da. In aka yi ƙari biyu ko uku, kuɗin sun kai farashin gona, sai a ce a cike masa kawai a rufe magana. Ba wanda ya zalunci wani a fili, amma gona ta tafi. Sabo da kaza, in ji Hausawa, ba ya hana yanka ta.

Turawa sun kuma shigo da awon gonaki a ƙasar Kano don yanka haraji, ana rubuta girman gona da sunan mai biya. Wannan rajista ba don tabbatar da mallaka aka yi ta ba, amma takarda takarda ce. In sunan mai riƙo ne ya shiga littafi shekara da shekaru, magadansa sun sami abin nunawa, magadan mai gona kuwa sai dai su nemi tsoffin da suka rage.

Hauzi da rantsuwa

A gaban alƙali, ƙa'idar da ta fi shafar jingina ita ce hauzi. A Malikiyya, wanda ya riƙe ƙasa shekara goma yana aiki da ita kamar tasa, mai da'awa yana gari, yana gani, ba abin da ya hana shi magana, ya yi shiru, to ba a sauraren da'awarsa bayan haka. Tsakanin dangi wa'adin ya fi haka tsawo sosai, har shekara arba'in. Amma hauzi ba ya aiki in an tabbatar da cewa da izini aka shiga, ta hanyar aro ko haya ko amana ko jingina. Saboda haka duk shari'ar takan tattara a kan tambaya guda: da wane suna uban wannan ya shiga gonar uban wancan?

Dubi inda wannan ya bar amini. A lissafin hauzi shi bare ne, shekara goma ce tasa, ba arba'in ba, ko da kuwa kusancinsu ya fi na 'yan'uwa. Shirun da mai gona ya yi don kara, domin bai ga dalilin tuna wa amininsa abin da dukansu suka sani ba, shi ne shirun da za a kafa hujja da shi a kan 'ya'yansa. Kuma nauyin kawo shaidu yana kan mai da'awa. In ya kasa, wanda gona take hannunsa ya rantse ya tafi da ita. Ɗan mai riƙo yana iya rantsuwa da zuciya ɗaya, tun da ya buɗe ido ya ga ubansa yana noma wurin, ba wanda ya taɓa ce masa ta wani ce.

A zamanin En'e manyan ƙararrakin ƙasa a Kano majalisar Sarki ce take yanke su, kuma bayanan shari'o'in majalisar Sarki Abbas na 1913 da 1914, waɗanda Allan Christelow ya fassara ya buga a 1994, suna nan ga mai son ganin yadda ake yi. Bayan gyaran kotuna na 1967 da 1968 aka rushe kotunan sarakuna, aikin ya koma kotunan yanki. Ta ɓangaren manyan kotuna kuwa, Kotun Ƙoli ta tabbatar a shari'ar Okoiko da Esedalue ta 1974 cewa jinginar gargajiya ba ta tsufa, ana fansarta komai daɗewa, ko da mai riƙo ya dasa itatuwa masu daraja a wurin. Daga kudu wannan ƙara ta fito, amma abin da ta faɗa shi ne abin da dattawan ƙauyen Hausa suke faɗa. Sai dai hukuncin yana amfanar wanda ya riga ya tabbatar da cewa jingina ce.

Fam, naira da darajar bashi

A ranar 1 ga Janairu 1973 Nijeriya ta bar fam ta koma naira, fam ɗaya naira biyu. Daga 1986, da aka shiga shirin gyaran tattalin arziki, darajar naira ta kama gangara. Mu ɗauki misali. A ce wani ya jinginar da gona a kan fam 10 a 1960, kuɗin da a lokacin ba a ba da su sai ga wanda aka amince da shi. A lissafi, bashin ya zama naira 20. Yau naira 20 ba ta sayen ƙwai ɗaya, gonar kuwa, in tana bakin birni, an yanka maƙwabtanta fuloti-fuloti. Jikan mai gona zai zo da naira 20 a hannu ya ce ya zo fansa. Jikan mai riƙo zai ce wannan izgili ne.

Wa ya fi gaskiya? Mafi yawan malaman fiƙihu suna kan cewa bashi da kwatankwacinsa ake biya, ba da ƙimarsa ba, kuma Majalisar Fiƙihu ta ƙasashen Musulmi ta tabbatar da haka a zamanta na Kuwait a 1988, ko da yake tun da daɗewa Abu Yusuf, almajirin Abu Hanifa, ya tafi a kan a duba ƙima in kuɗi suka canza. Ni dai ina ganin a jinginar gona hujjar mai riƙo ba ta da ƙarfi, domin gidansu ya ci amfanin wurin damina sittin, abin da tun asali littafi bai ba shi ba. In za a sake lissafin bashi da darajar yau, adalci ya ce a lissafa dawa da geron da aka kwasa. A aikace dattawa sukan bi tsakiya, a sa mai fansa ya ƙara wani abu don a rabu da mutunci. Abin da tarihi ya juya shi ne wanda lokaci yake yi wa aiki. A shekarun yunwa da haraji, jinkiri mai kuɗi yake taimaka wa. A shekarun faɗuwar naira da tsadar fili, jinkiri ya koma taimakon mai gona, muddin yana da shaida.

Dokar 1978 da abin da Nijar ta yi

Dokar ƙasa ta Jihar Arewa ta 1962 ta mayar da ikon Gwamna hannun Minista, ta fi mai da hankali ga hana ƙasa fita zuwa hannun wanda ba ɗan Arewa ba sai da izini. Dokar Amfani da Ƙasa ta 29 ga Maris 1978, wadda gwamnatin Janar Obasanjo ta kafa, ta shimfiɗa wannan tsari a kan Nijeriya duka: ƙasar kowace jiha tana hannun Gwamna a matsayin amana, kuma ba a sayarwa ko jinginarwa ko miƙa riƙo sai da yardar Gwamna, ko ta ƙaramar hukuma in haƙƙin na gargajiya ne. A shari'ar Bankin Savannah da Ajilo ta 1989, Kotun Ƙoli ta soke jinginar da aka yi wa banki saboda rashin wannan yarda. In banki da lauyoyinsa sun faɗa wannan rami, ina ga manoma biyu a zaure? Dokar tana nan har yanzu, tsarin mulkin 1999 ya ba ta kariya, manoma kuma suna ta jingina ba tare da sun je sakatariya ba.

A birane al'adar ta sake kama. Abin da ake miƙa wa aboki yanzu takardar fili ce, filin yana nan ba mai noma shi. Wannan ya kawar da matsalar cin amfani, amma ya kawar da abin da yake sa jama'a su san an yi wani abu, tun da takarda a aljihu take shiga. Ya kuma buɗe ƙofar sharaɗin nan da Imam Malik ya kawo haninsa, domin sau da yawa akan rubuta cewa in wata kaza ya wuce fili ya zama na mai kuɗi, wani lokaci ma a sa mai fili ya sa hannu a takardar ciniki tun ranar farko.

Hausawan da suke hayin iyaka sun bi wata hanya dabam. A 1974 Shugaba Seyni Kountché ya yi shelar cewa gona ta wanda yake noma ta ce, ko ta wace hanya ya same ta, maganar da ta girgiza duk wanda ya ba da aro ko jingina. A 1993 aka kafa dokar karkara, wadda ta samar da kwamitocin ƙasa, daga baya kuma aka kai su har matakin ƙauye, inda mai gari yake shugabanta. Daga cikin takardun da waɗannan kwamitoci suke bayarwa, tare da ta ciniki da ta kyauta da ta aro da ta haya, akwai takardar shaidar jinginar gargajiya, wadda ake rubuta sunayen mutanen biyu da na shaidu da adadin kuɗin. Manomi a ƙasar Maraɗi ko Damagaram yana iya ce wa amininsa su je wurin mai gari a rubuta, ya ɗora laifin a kan hukuma, ba tare da an ce ya zargi kowa ba.